Kujera Ta Sha Takwas

Ƙarfe huɗu da rabi agogo ke daka mini tsawa,
tun ladanin Agege bai gyara murya ba.
In sa rigar da na goge jiya kafin a ɗauke wuta,
in rataya katin ofis a wuya
kamar layar da babu malamin da ya tofa.

Danfo ta cika, kwandasta na lilo a ƙofa,
yana kiran Oshodi kamar mai bin ta bashi.
A kan doguwar gada mu tsaya cak,
ruwa a hagu, ruwa a dama,
ni da na tashi a Tasawa
inda guga ke gajiya kafin ya taɓo ruwa.

Hawa na tara, Marina.
Lissafin kwantena, kuɗin fito, sa hannu, hatimi.
In yini ina ƙirga miliyoyin wasu,
da azahar in sauko in ci wake da burodi a tsaye.
Ƙarshen wata in juya naira ta koma sefa,
ta narke a hanya kamar gishiri a miya,
Inna ta ce ta gani, Allah ya ƙara, yaushe za ka zo?

A ofis Aboki suke ce mini.
Sunana Ma'azu.
Shekara shida, oga bai riƙe ba.

Mutum ɗaya ya riƙe shi tun daren farko.
Motar dare daga Sakkwato,
ta sha bakwai tawa, ta sha takwas tasa.
Na ga tsagar Yarabawa a kumatunsa, na kama bakina,
sai ya ce, "Malam, gusa kaɗan mana,"
da Hausar Gusau tsantsa, har da su "awo" da "mi kac ce".
Rasaki, ɗan mai gyaran agogo a bakin tasha.
Wai gida za shi,
gidan da sau biyu kacal ya taɓa gani.

A Kontagora muka raba kilishi.
Taya ta fashe kafin Mokwa, muka yi sallah a kan kwali.
A Jebba ya girgiza ni daga barci:
"Tashi ka ga Kwara, ruwan ƙasarku ne ya biyo ka."

Ikko ba ta yi wa kowa a cikinmu maraba ba.
Ni baƙo, shi ma danginsa Gambari suke ce masa,
wai Yarabancinsa na warin daddawa.
Ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, tukunya ɗaya.
Shi ke faɗa da mai gida, ni ke tuƙa tuwo.
Ya koya mini dirowa daga mota tana tafiya,
da yadda ake cewa babu ba tare da murmushi ba.

Bara biza ta fito. Kanada.
Na raka shi Ikeja,
na cusa masa kuka da yaji cikin takalman da ke jakarsa.
Bai waiwayo ba. Na san dalili.

Yanzu kiransa kan riga agogo,
shi yana cire takalmi, ni ina laluben nawa.
Ya ce can ma ana tambayarsa daga ina,
ya rasa garin da zai kira.
Ya ce sanyin wurin ba ya jin magana.
Na ce fankarka ta daina juya wuya,
gadonka take kallo.
Muka yi dariya har layi ya katse.

Jiya a Oshodi na ga wani saurayi
rungume da jaka, da adireshi a bayan takardar magani,
motoci na wucewa, ya kasa ɗaga hannu.
Na kai shi har Idi-Araba.
Na makara, an ja jan layi a ƙarƙashin sunana.
Sallau yake, daga Dakwaro.
Sau biyu na tambaye shi.