Hoto na Talatin da Huɗu

Injin jirgi nake gyarawa a bakin kwata a Yelwa,
hannuna baƙin mai, har ƙarƙashin farce,
amma ran Juma'a in an sauko
sai in cuɗe shi da sabulu da toka sau uku
kafin in taɓa ta.

Tsohuwa ce, ta girme ni.
Wani malamin kifi ya bar ta jingina
kan kuɗin fulogi biyu da gyaran farfela,
har yau bai waiwayo ba.
Talatin da shida take ci, ta rufe baki.
Yara na dariya: Ga waya a aljihunka, Bagudu,
dubu za ta ɗaukar maka kafin shayi ya huce.
Na ce wanda ake auna wa tsaba da gwangwani
shi ya san ranar ɗora tukunya.

Na ɗauki mata masu banda cikin hayaƙi,
na ɗauki taru yana ɗiga a kan gwafa,
da wani ɗan akuya da ya hau jirgin Rofiya shi kaɗai
yana kallon ruwa kamar ya biya kuɗi.
Talatin da uku suka tafi haka.
Sauran ukun na hana kowa,
har bikin ƙanena.

Don Kaka Ige ta ce gungunsu yana nan.
Ta ce ruwan dam bai cinye shi ba,
lulluɓe shi ya yi.

Da baƙin ruwa ya iso, laka ta kwanta,
na sa kyamara a kwalbar alawa mai faɗin baki,
na yanke gindin, na liƙa roba don yatsa,
na ɗaure da tsohon tiyub har hannuna ya yi kanta.
Tunau ya tuƙa mu tun asuba.
Ya daidaita giginya da kan tsauni, ya rufe ido ɗaya,
ya kashe inji. Ya ce nan ne,
ko kuma can gaba kaɗan.

A ƙasa ba gari.
Kore ne, sannan ruwan ƙasa, sannan ba launi,
kunnuwana na kuka,
wata gargaza ta zo ta duba ni ta wuce.
Ƙafata ta taɓa abu mai tauri.
Na danna. Na murɗa. Na danna. Na murɗa.
Na uku ƙirjina ne ya danna,
yana neman sama.

Direba ya kai fim Kaduna wanki,
mako uku ina tarar mota kamar mai jiran haihuwa.
Ɗan akuya ya fito tas, har gemu.
Biyun ƙarshe duhu ne zalla, na biya kuɗin dare.
Na talatin da huɗu kuwa
wani abu ne mai kwarmi a tsakiya,
rabinsa a laka.

Tunau ya ce bayan kififiya.
Matata ta ce kuɗin cefane ne ya nutse.

Kaka Ige, da yana ta rufe wa ido,
ta karɓa a juye, ban gyara mata ba.
Ta shafa da babban yatsa daga gefe zuwa tsakiya,
ta koma, ta sake,
kafaɗarta na tafiya gaba tana dawowa.
Ta ce, Dutsen niƙana ne.
Ga inda ya gutsure ranar da aka haifi ubanka.

Takarda ce mai santsi, na sani.
Ba gutsure a jikinta.

Ta miƙo mini, ta gyara zama.
Ta ce, Uwar ce ka samo.
Ɗan dutsen fa? Tare na bar su.

Yanzu ina tara kuɗin wani fim.
Tunau ya ce ruwa zai yi fari kafin nan,
na ce to, mu jira baɗi.
Ita ba ta ce komai kan baɗi ba.