Binne a Bayan Aji

Ranar Talata na tambaye su:
"Daga ina abinci yake zuwa?"
Illa ya ɗaga hannu ban rufe baki ba,
ya ce, "Daga shagon Ɗan Bilbis, madam, cikin buhu."
Zali ta gyara masa: "A'a, daga mota,
wadda ke tasowa daga Ƙwanni da dare."
Aji ya bi bayan Zali.
Ni ma ban ce ta yi ƙarya ba.

Littafinmu na da hoton tuffa,
ja wur, a shafi na sha tara,
da alkama tsaye a wata ƙasa mai sanyi.
Na juya shi har bangon ƙarshe,
ban ga gasaya ba, ban ga tafasa ba,
balle yakuwar da ke leƙenmu ta tsagar katanga.

Washegari na zo da ƙullin tsumma
da gwaggota ta aiko daga Bambai.
Na kwance shi bisa tebur.
Agali ya ce tsakuwa ce.
Habsu ta jefa ɗaya a baki, ta ciza,
ta dafe kunci tana hararata.
Na ce, "Ƙwaruru ke nan.
Ita ta riƙe kakanninku shekarar da hatsi ya ƙi."
Aka ce, "To yaya ake shuka ta?"
Sai alli ya tsaya a hannuna.
Na san sunanta da harshe biyu,
ban san zurfin raminta ba.

Baba Tsalha mai gadi ne ya fisshe ni,
shekara ashirin yana buɗe mana ƙofa
ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai makulli.
Ya dubi sama, fayau, ba ko gizagizai,
ya ce, "Lakwal ɗinku na rufewa ran da damina ke buɗewa.
Sai dai binne.
A ba ƙasa ajiya, in ruwa ya zo ya tarar."

Ya sara da sungumi, suka bi shi a jere,
yara sittin da biyu, takalma a hannu.
Tsaba kaɗan, in ji shi, ba sadaka kuke ba.
Rufe da diddige, kar ka danne kamar mai fushi.
Hatsi nan, wake a gindinsa,
don maƙwabta ne tun ba a haife ku ba.

Muka tafi hutu.
Duk daren da hadari ya haɗo ta gabas
nakan farka in tuna bayan aji,
kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Da muka dawo, akuyar wani ta gama da yakuwa,
saura kara ja da baƙin ciki.
Amma hatsi ya fi Baba Tsalha tsawo,
wake ya yi yaɗo har ƙarƙashin taga.
Illa ya tsuguna gaban layinsa,
ganye kawai, gajere, ya soma rawaya.
Ya ce, "Nawa bai haihu ba."
Tsoho bai amsa ba, ya miƙa masa hauya.

Ihun da yaron nan ya yi,
sai da darakta ya fito da biro a kunne.

Muka dafa da gishiri a tukunyar aro,
kowa ya sami cikin tafi, ba ƙari.
Ban sake yin tambayar Talata ba.
Zali ce ta taso da ita, baki cike:
"Shinkafa dai, madam, har yanzu daga mota take."
Na ce haka ne.

Da aka tashi na hange ta a bakin ƙofa,
tana ƙulle ɗanyu guda bakwai a gefen ɗankwali,
tana tambayar Baba Tsalha
ko ƙasar gidansu, mai yawan dutse,
za ta karɓa.