Kwana ta Bakwai

Shekara ashirin da shida ina jan mota,
Maraɗi zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Maraɗi,
har gwiwa ta ce ta gaji, na aje makulli.
Yanzu 'yata ce direba.
Zuwaira, 'yar sha huɗu.
Motarta ba ta shan mai, ba ta faci,
tana zaune cikin talabijin ɗin Rabe
a shagonsa na Ali Ɗan Tsoho,
dala ashirin, minti goma.

Ran da na je kiranta cin tuwo
na tsaya bakin ƙofa ina dariya.
Wai hanyar ta gaske ce, in ji ta,
tana can wata ƙasa mai sanyi da dogayen itatuwa,
an auna ta taku-taku an ɗura wa na'ura,
har inda kwalta ta ɗan kumbura.
Na ce, 'yar nan, zanen ƙosai ba ya maganin yunwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Yara suka yi tsaki suka watse waje.
Ita ba ta tashi ba.
Ido rufe, yatsu na danna abin da ya mutu,
leɓe na motsi:
hagu, saki mai, gangare,
birki daidai allon nan ja,
kwana ta bakwai maƙaryaciya ce,
takan buɗe baki kamar za ta ba ka hanya
sai ta tsuke.

Dariyar ta maƙale mini a wuya.
Don ni ma, in barci ya ƙi zuwa,
haka nake kwance ina tuƙi:
a wuce Tibiri, ramin nan na bayan gada,
Gidan Runji a sassauta,
akwai amalanken shanu da ba ya jin oda.
Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwarta.

Da wuta ta dawo, Rabe ya nuna mini a waya
tseren gaske, mutane na gaske, hanyar nan dai.
Kafin direban ya juya hannu
Zuwaira ta riga ta faɗa.
Sau ɗaya ta ce, ya makara,
sai ga shi cikin tsakuwa.

Suka miƙo mini abin, wai in gwada.
Ni da ban taɓa kayar da fasinja ba
na daki bango a kwanar farko,
na koma, na sake dukansa.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, Baba, kana jiran kujera ta gaya maka,
nan kujera ba ta magana.

Gaskiyarta.
Amma kujera na magana, 'yata,
da warin birki in ya yi zafi,
da akuyar da ta canza shawara tsakiyar titi.
Waɗannan ba a auna su ba tukuna.

Asabar zan ari tsohuwar motar Tsahiru.
Ni a sitiyari, ita a gefe da littafinta,
ta ƙirga mini kwanonin hanyar Madarunfa.
Tuwon dai ya huce a ranar.
Mun ci shi haka nan, muna gardama
kan inda ya kamata a taka birki.