Numfashin Tanimu

A bayan asibitin Idi-Araba,
inda kwata ke karya kwana ta bi layin masu walda,
akwai wani ɗaki mai taga ɗaya.
Can kakana Tanimu ya yi shekara talatin da huɗu
yana hura gilashi.

Ɗan maƙera ne.
Ubansa garma yake ƙerawa, da lauje, da bakin gatari.
Ya sauka Ikko da awartaki a ƙasan buhu,
yana zaton da ƙarfe zai ci abinci,
sai wani tsoho, Baba Ganiyu, mai gyaran kayan gwaji,
ya miƙa masa kofin shayi cike fal,
ya ga ko ɗigo bai zuba ba,
ya ce: zauna.

Ƙarfe, in ji kakana, sai an doke shi yake jin magana.
Gilashi kuwa lallashi yake so,
kamar yaron da aka tasa daga barci.
Nan babu zugazugi, ƙirjinka ne zugazugi.
Ka hura da fushi, ya fashe.
Ka hura da tsoro, ya lanƙwashe ya bar ka.

Ya ja bututu siriri kamar zaren saƙa.
Ya ɗura zaiba a ma'aunin zafi,
ya tsaga masa layuka da bakin allura,
ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da numfashi.
Sikelin da ke jin nauyin fiffiken sauro,
in ya fara ƙarya, wurinsa ake kawo shi,
ya rufe taga, ya hana mu tari,
har sai allurar ta tuba.

Wata damina wata likita ta shigo a jiƙe
da zane a bayan rasit:
bututu mai murɗa uku cikin wani bututun,
abin da babu shi a kowane kanti.
Kwana tara.
Goma sha ɗaya suka mutu a hannunsa,
na sha biyun ya rayu.
Yatsansa na tsakiya bai sake jin zafi ba har ya koma ga Allah.

Da takardar binciken ta fito,
sunaye biyar ne a samanta.
Ya ce in karanta masa.
Na karanta har ƙasa, har wurin godiya,
an gode wa ma'aikata, an gode wa masu ba da kuɗi.
Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga.
Sai ya ce: to, ya yi yoyo?
Na ce ba su faɗa ba.
Ya ce: ashe bai yi ba.

Daga baya kwantena suka fara sauka a Apapa,
kwali kan kwali, na roba, a yi aiki sau ɗaya a yar.
Ba wanda ya kore shi.
Ƙafa ce kawai ta ɗauke.
Yanzu cajin waya ake yi a ɗakin,
baƙin hayaƙinsa na nan a silin.

Ni kuma ga ni a Yaba cikin farar riga,
ina auna jinin mutanen da ban sani ba.
Shekaranjiya, ina kwashe tsohon kabad,
hannuna ya faɗa kan wata kwalba mai dogon wuya,
ba tambari, ba lamba.
Na ɗaga ta wajen haske.
Can kusa da baki, wani ɗan kumfa kamar ƙwayar gero,
iskar da ta shiga ba ta sami hanyar fita ba.

An ce in jefa ta cikin shara.
Na wanke ta sau uku.
Na zuba ruwa har layin ɗari,
na ɗora a sikeli.
Ɗari ne cif.