Ba Mazauni Ba

Shekara talatin da ɗaya ina zana teku
a allon lekol ɗin Bagalam,
da shuɗin alli in an samu, in babu, da fari.
Yara su ce, Mushe Tsahiru, ka taɓa ganinsa?
In ce su buɗe shafi na gaba.

Da na aje aiki sai na kwance bijimin da na turke,
na haɗa da kuɗin ayar bara.
Kwana goma kawai nake so:
in tsaya bakin ruwan da ba shi da tsallake,
in lasa, in ji ko gishirin nan gaskiya ne,
in komo gida.

Bayan babbar kasuwa akwai shagon Nafi'u,
yaron da na taɓa kora don bai san babban birnin Mali ba.
Yau shi ke tambaya, ni ke amsawa.
Sunan uba. Sunan otal. Nawa ke banki.
Wa ka sani a can?
Na ce ba kowa, sai ruwa.
Ya ce, Mushe, babu gurbin wannan.
Mai hoto ya ce in tuɓe hula, in rufe baki,
ban da murmushi.
Na fito a takarda kamar wanda ake cigiya.

An ce tagar Yamai a rufe take tun damina,
Kano kuwa ga ta nan, tafiyar yini.
Na bi ta Ɗan Isa, na bi ta Jibiya,
hanyar da kakata ta bi a kan jaki da ƙwaryar daddawa,
ba wanda ya tambaye ta tambur.

Layi tun asuba. Lambata arba'in da bakwai.
Wata yarinya bayan gilashi, da lalle a yatsunta,
ta gaishe ni da Hausar da uwata ta yi mini reno,
ta juya fasfo, kore ne amma ba irin nasu ba,
ta ce, Baba, ina katin zama?
Na ce zama kam na yi shi, tun asuba, a bencinku.
Ta danne dariya.
Ta ce, kai ba mazaunin nan ba ne,
sai ka koma inda kake zaune ka nema.
Na ce can a rufe yake.
Ta ce Allah ya buɗe.
Arba'in da takwas!

Abin da ya tsaya mini a wuya ba kuɗin mota ba ne.
Wata tambaya ce a shafi na uku:
kawo shaidar cewa za ka dawo.
Na so a bar ni in amsa ta da baki.
In ce ga dalbejiyar da na dasa ran sunan Sahiya.
Ga bashin jaka sha biyu wurin Ɗan Jimo mai nama,
wanda ko lahira na je zai aiko.
Ga kabarin Habsu,
da gurbin da na roƙa a bar mini kusa da ita.
Wanne banki ke buga wa wannan hatimi?

Yanzu ga ni a ƙofar gida, magariba ta wuce,
takardun na cikin leda ƙarƙashin katifa,
hoton yana tsufa, an ce wata shida ne ransa.
Jikana ya dawo daga Madarunfa jiya, ƙafa duk laka,
ya ce, Kaka, ruwan can har ba a ganin ƙarshensa!
Na buɗe baki in gyara masa,
in ce tafki ne, ana zagaye shi kafin azahar.
Sai na ce, da gishiri?
Ya ce bai lasa ba.
Na ce ran Juma'a mu koma tare.