Mudun Auna Banki

Yaro ya sauka daga mashin da ƙunshin takardu,
ya ce sunansa Jazuli, daga jami'a yake.
Ya zo auna bankin da ba ya cin ruwa:
ko ya tsaya da ƙafarsa a shekarar kulle,
ko ya yi tangal-tangal.

Na shimfiɗa masa buhu a gindin mangwaro.
Na ce, da wane mudu?
Mu nan tumatir da kwando muke aunawa,
shinkafa da tiya,
mutum kuwa sai ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ya karanto: jari kaza, riba kaza,
kashi kaza na bashi bai dawo kan lokaci ba.
Na ce tsaya nan. Wannan kashin ni ne.
Rubuta: Ilu na Kadawa, kwando ɗari da sha huɗu.

Shekarar nan gona ta yi ja wur
kamar ba ta ji sanarwar rediyo ba.
Motar Ikko ba ta zo ba.
Kwanar Gafan shiru, sai ƙuda da awaki.
Barira ta yanka ta shanya har kan danga,
har wuƙa ta gaji,
sauran muka ba rami.

Injin ban-ruwan nan da kake jingine da shi,
su suka saya, suka sayar mini, muka yanke farashi.
Wata bakwai ban kai ko kwabo ba.
Bashin ya kwana, ya tashi, bai haihu ba.

Malam Tasi'u ya zo da takunkumi a fuska,
ya tsaya can nesa, bai ba ni hannu ba,
ya daɗe yana kallon ramin.
Ya ce, Ilu, kuɗin marayu ne da na 'yan fansho,
ba mu da ikon yafewa. Za mu jira.

Kada ka ce na wanke su tas.
Sun rufe ƙofa a Kura sati uku,
na yini a layi, aka ce na'ura ta tsaya,
na dawo gida ba kuɗin maganin uwata.
Wannan ma rubuta.

Jazuli ya juya takarda gaba da baya,
bai ga gurbin da ake sa jira ba.
Ya ce, Baba, daga ɗaya zuwa biyar, nawa za ka ba su?

La'asar ta yi, ga albasa tana jiran ruwa.
Na ja igiyar injin. A ja na biyu ya tashi.
Na ɗaga masa yatsu cikin ƙara,
ban san nawa ya ƙirga ba.