Linzamin Keke

Arzika, ajiye kofin shayin nan ka dube ni.
Tun daga hanyar Aliero nake turo keken nan,
buhu biyu na albasa na baro gindin kalgo
hannun yaron da ban san sunan ubansa ba.
Batir lafiya lau, taya lafiya lau,
ɗan akwatin nan ne na ƙarƙashin sirdi
ya yi tari da hayaƙi, ya yar da ni tsakar rana.

Kai kake ce masa kwantirola,
ni linzami na san shi.
Abu bai fi sandar sabulu ba,
amma ran da ya yi fushi, gidana ba a aza tukunya.

Wanda ka ɗaura mini bara,
araha ta ja ni, ban ce laifinka ne ba.
Da na murɗa hannu sai ya zabura
kamar ɗan akuyan da rina ta harba.
Ya taɓa kifar da ni gaban tukubar Hantsi,
har yau in ya hango ni sai ya riƙe ciki.
Ba ni mai tashi da natsuwa,
irin tashin tsohuwa daga tabarma:
dafa ƙasa, dafa gwiwa, sannan miƙewa.

Kuma ya san rana.
Ka san bazarar Jega,
sa'ad da kwalta kan yi laushi kamar nakiya.
Ina son mai jikin sanholo da haƙarƙari a baya,
iska ta bi ta kwashe masa zafi.
In kaya ya fi ƙarfinsa a hawan gada,
ya rage gudu in gane ya gaji,
kada kunya ta sa shi shiru har ya ƙone kansa.

In marka ta zauna,
hanyar fadama ba ta da maraba da gulbi.
Toshe bakin wayoyinsa da roba,
ban son abin da yayyafi kan sa wa mura.

Batir ɗin nan tunkiya biyu ce da ɗan rago.
Arba'in da takwas aka rubuta a jikinsa,
duba da kyau su zo ɗaya.
Kada a ba ni mai tsotsa har ƙashi;
mai tatsa na gari kan bar wa maraƙi rabonsa.
In wuta ta yi ƙasa, ya tsaya haka nan,
na yarda in taka feda sauran zangon.

Da na taɓa birki ya saki wuta nan take,
ba gardama, ba sai na roƙe shi ba.
Akwai kwanar da 'yan firamare ke tsallakawa
ba sa duban gabas, ba sa duban yamma,
cikinsu har da tawa.

Ige ta haihu watan jiya.
Da asuba nake fita,
tsohon yana kuka kamar sauro a kunne,
jariri ya farka, uwa ta bi ni da harara.
Nemo mini marar surutu.

An ce akwai mai mayar da wuta cikin batir
in ana gangara.
Mu da ƙasarmu ke shimfiɗe kamar faifai?
Bar wa mutanen Zuru wannan, su ke da duwatsu.

Abu ɗaya ya rage:
na kusoshi nake so, ba wanda aka liƙe da danƙo ba,
ran da ya yi ciwo ka buɗe cikinsa ka gani,
mu sake abin da ya mutu, mu bar mai rai.

Nawa ne? A'a, Arzika, ji tsoron Allah.
Rabi yanzu, rabi ran kasuwa,
in ƙara maka kwanon albasa mai lawashi.
Ɗauko sukudireba, rana tana yi,
inuwar kalgo ba ta zama wuri ɗaya,
kuma yaron nan ban san shi ba.